Mutumin Da Ya Ƙi Hawa Tudu

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a garinmu na masunta, a nan tsibirin Dominika. Ba zan kama sunansa ba, 'ya'yansa suna cikinmu.

Ya yi aiki a Ingila, ya dawo da abin hannunsa, ya gina gidan siminti dab da teku, ya ɗauko mahaifiyarsa, Ma Filomen, ya ajiye ta a ciki.

Kun san halinmu. In rediyo ta ce guguwa na tafe, mukan ja jirage tudu, mu goya tsofaffi mu kai su makarantar kan dutse. Ba ma barin kowa a baya. Haka muka gada, kuma muna alfahari da shi.

Shi kuwa dariya yake mana. Ranar da sama ta yi baƙi, Kutbat masunci ya je ɗaukar tsohuwar. Mutumin ya tare ƙofa.

"Uwata ta kwana a kan benci da masu warin kifi? Ku hau, matsorata!"

Kutbat ya ce, "Yaya, teku ba ta san siminti ba."

Tsohuwar ta ce, "Ɗana, bar ni in bi mutane."

Ya ce, "Mama, zauna. Gidan nan ko Allah..." Bai ƙarasa ba, amma duk mun ji.

Da azahar teku ta taso. Igiyar ruwa ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ginin, bango ya buɗe, ruwa ya shiga.

Wa ya sauko? Masu warin kifin nan. Suka ɗaure ƙugunsu da igiya ɗaya, Kutbat a gaba, iska na jifansu da kwanon rufi. Suka ciro mutumin a maƙale da bishiyar kwakwa, yana kiran uwarsa.

Ma Filomen kuwa, har yau teku ba ta dawo mana da ita ba. A garin nan kaf, ita kaɗai muka rasa.

Ya rayu bayan haka, ya ci kifinmu da ayabarmu, ba wanda ya goranta masa. Amma bai sake iya kallon teku ba har ya mutu.

Ya 'yan uwa, me siminti ya tsare masa? Girman kai ba ya cin mai shi kaɗai, yakan fara da wanda ka fi so. In an ce a hau, ku hau tare da mutane.

Allah ya kiyaye mu daga girman kai, ya bar mu riƙe da hannun juna. Amin.