Ranar da Hansai Ta Kira Sunan Sarki

An yi wani sarki a garin Rafin Tsamiya, mai tsawon rawani da gajeren haƙuri. Sunan da ya tashi da shi Cindo, amma tun ranar da aka naɗa shi sunan ya mutu, ba mai furta shi sai wanda ya gaji da zaman garin. Yana da mata ana ce mata Hansai. Da cikinta na fari ya tsufa, iyayenta suka aiko ta zo gida haihuwa yadda aka saba, Sarki ya hana, wai ɗan sarki a gidan sarki ake haihuwarsa.

Wata Laraba da hantsi yana zaune a zaure da fadawa da baƙi na garuruwa uku, ana shari'ar iyakar gona, sai wata murya ta keto katanga daga cikin gida: "Cindo! Kai Cindo! Allah ya isa tsakanina da kai! Kana can kan buzu kana shan iska, ni ina nan ina mutuwa!"

Wani bafade ya ƙirƙiro tari, wani baƙo ya cusa kai cikin hannun rigarsa, kafaɗunsa na rawa. Sarki ya sallami jama'a, ya zauna yana huci kamar kububuwa. Da azahar aka ji guɗa, bai ko ɗaga kai ba. Ya sa aka kira magatakarda, ya ce, "Rubuta. Ni Sarkin Rafin Tsamiya na saki Hansai..."

Bai rufe baki ba sai ga Iya Shekara ungozoma ta shigo ba sallama, hannunta bai gama bushewa ba. Tsohuwar nan ita ta yanke cibin rabin garin, har da na Sarki, don haka ba ta durƙusa wa kowa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, albishir na kawo, amma na ga goron takarda ne. Wa za a saka?"

Sarki ya ce, "Iya, kin ji da kunnenki. Mace ta yi raki a kan gwiwa, abin kunya ne. Ta kira sunan mijinta, ya fi. Balle ni, gaban baƙi!"

Ta ce, "Malam, ɗaga alƙalamin nan. Kai kuma in ka ji labarin Nomau da matarsa Delu, sai ka saki wadda ka ga dama."

Sarki ya ce, "Wane ne kuma Nomau?"

Ta zauna a gefen buzunsa, ta ce:

Labarin Nomau da Matarsa Delu

A ƙauyenmu, kafin in yi aure nan garin, an yi wani manomi Nomau, wanda duk abin da ya mallaka ya fi na kowa, a bakinsa. Matarsa Delu ta haifi biyu ba wanda ya ji ko tarinta, sai kukan jariri. Shi ke nan Nomau ya samu abin tutiya. Ko ina ya zauna sai ya ce, "Matanku in sun durƙusa sai gari ya tashi. Tawa ko uffan. Ranar da aka ji muryar Delu a kan gwiwa, ku ce ba ni ne Nomau ba." Yana faɗa, ita tana ji daga bayan danga.

Wata rana ya je aski wurin Ƙosau wanzami, ya ɗauko zancen. Ƙosau ya bari sai da aska ta zo daidai maƙogwaronsa, sannan ya ce, "Kada ka motsa, Nomau. Halinka ya tuna mini zakaran da ya hana kaza kyarkyara."

Nomau ya ce ta tsakanin haƙora, "Yaya aka yi?"

Ƙosau ya ce:

Labarin Zakara da Kaza

Wata tsohuwa tana da zakara ja mai ƙaton zanko, da kaza guda. Duk ranar da kazar ta yi ƙwai sai ta fito tana kyarkyara, unguwa duk ta ji. Zakara ya fusata, ya ce, "Ke ba ki da kunya? Zakarun maƙwabta dariya suke mini. Ɗan ƙwai ɗaya kike wa wannan kururuwa? Ni da nake fito da rana kullum, sau nawa kika ji na yi ƙorafi?"

Kaza ta ce, "Maigida, ba ka taɓa yin ƙwai ba."

Ya ce, "Na dai hana."

Ta bi umarni. Ta riƙa shiga ƙarƙashin rumbu tana yin abinta shiru. Tsohuwa ta yi kwana goma ba ta ji kyarkyara ba, ba ta san inda za ta duba ba. Sai ta dubi zakara ta ce, "Kazar nan da tana ƙwai. Kai ne ka zama hoto, sai cara da cin tsaba." Ran nan ta yi baƙi. Kafin rana ta yi tsaka zakara na cikin miya, kaza na kallo daga ƙarƙashin rumbu, kuma ba ta ce uffan ba, tunda an hana ta.

Ƙosau ya goge askarsa ya ce, "Ka ji, wanda ya ɗaure bakin mai wahala, wuyansa ya miƙa."

Nomau ya tashi da rabin ƙeya ba aski, ya ce, "Ni kake kira zakara? Wanzamin banza!" Ya koma gida ya ƙara ja wa Delu kunne.

Ciki na uku ya zo da kaka. Ranar da naƙuda ta tashi, uwar Nomau ta tafi biki wani ƙauye, gidan ba kowa. Faya ta fashe tun da safe, ɗan kuwa a gicciye yake. Nomau na ƙofar gida gindin ɗorawa yana dara da abokansa, tsakaninsa da ɗakin bai fi taku goma ba. Ƙara ɗaya Delu za ta yi, matan maƙwabta su cika gidan. Sai ta cusa haɓar zane a baki ta cije.

Ka san abin da ya shigar da shi gida? Yunwa. Azahar ta wuce bai ga fura ba, ya shiga da faɗa.

Ni aka kira, ranka ya daɗe, lokacin ina sabuwar hannu. Na sami ƙasar ɗakin ta karce ta da farce kamar an yi huɗa. Na juya ɗan na fito da shi, namiji, ƙato, babu rai. Zanen da ke bakinta sai da na sa wuƙa na yanke. Ta buɗe ido ta ce, "Ban yi kuka ba ko? Ki gaya masa." Ba ta kai la'asar ba.

Na fita na gaya masa gaban abokan dararsa. Na ce, "Nomau, ka fi kowa. Ba a ji muryarta ba, kuma ba za a ƙara ji ba."

Iya Shekara ta juyo ta zuba wa Sarki ido, ta ce, "To, Hansai ma hanyar Delu ta ɗauka. Tun asuba take fama, tana cije leɓe don kada a ce matar Sarki ta yi raki. Matan gidanka na ta daka, ba wadda ta sani. Ihun nan da ya ɓata maka rai, shi ya sa suka jefar da taɓare suka rugo gidana. Na tarar da ita a durƙushe, gumi ya jiƙa tabarma, cibiya ta naɗe wuyan abin da ke cikinta har zagaye biyu. Da ta ƙara rabin sa'a tana kare maka mutunci, da yanzu likkafani ake yanka."

Sarki ya ce, muryarsa ta ɗan sauka, "Kuka daban, Iya. Sunana ta kira."

Ta ce, "Sunan wa za ta kira, na liman? Wa ya yi aikin? Da ka bar ta ta tafi gidan ubanta, da can za ta zage ka, kana nan kana shari'arka. Kai ka ajiye murhu a zaure, ka zo kana faɗa da hayaƙi. Kuma bari in gaya maka, ranar da uwarka, Allah ya jiƙanta, take kan gwiwarka, abin da ta kira ubanka har yau ba na iya maimaitawa da alwala. Shi kuwa saniya ya yanka mata."

Magatakarda ya sunkuyar da kai yana gyaran alƙalamin da bai lalace ba.

Iya ta miƙe ta kaɗe zane, ta ce, "Tun da na shigo kake maganar sunanka. Ka tambaye ni abin da aka samu? Ka tambaya ko uwar na numfashi?"

Sarki ya gyara zama. Can ya ce, "Me aka samu?"

"Mace. Da ta fito shiru ta yi, jikinta ya yi toka, sai da na hura mata hanci na mari ƙafarta, sannan ta tsala ihu. Hansai na jin kukan ta miƙo hannu, ta manta da kunyar 'yar fari, ta rungume ta tana dariya tana hawaye. Ga su can, tana shan nono."

Sarki ya juya wurin magatakarda. Sa'an nan ya ce, "Malam, yaga takardar nan, kada in ƙara ganin ko ƙyallenta. A faɗa wa Sarkin Fawa ya kawo ƙauri, a tara itacen wankan jego. Gaskiyarki, Iya, ni ne zakaran. Ki shiga ki ce mata na yafe."

Ta ce, "Ka yafe? Wa ya roƙe ka? Ai ba ta gama ba, haihuwa ce ta katse ta. Tashi ka shiga ka karɓi sauran da kanka."

Sarki ya miƙe, ya dubi fadawan da ke leƙe a bakin zaure, ya ce, "Kowa ya matsa can bakin kasuwa, inda ba a jin maganar cikin gida." Ya tuɓe takalmi, ya bi bayan tsohuwa.