Kocin da Ya Kori "Bari" Daga Fili

Bukari mutumin Damagaram ne. Ya zo birnin Lyon na ƙasar Faransa karatu a shekarar 2003, ya gama, ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata masana'anta a Saint-Fons. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: duk abin da ya fito daga gida ƙarami ne a idonsa, abin da ya ji daga bakin Bature kuwa ya zama karatu. Ko gaishe shi ka yi da Hausa a cikin mota, sai ya waiwaya ya ga ko wani ya ji, sannan ya amsa maka da Faransanci.

Abin da ya fi so a duniya bayan matarsa Hassia shi ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jami'ar da ya yi karatu. Hassia ma takan ce ba ta da tabbacin ita ce ta farko. Shi ya kafa ƙungiyar tun yana ɗalibi, shi ya yi ta zarya ofis-ofis har aka ba su fili kowace Alhamis da la'asar, shi ne kuma kocinta shekara shida. Yawancin 'yan wasan ɗaliban Nijar ne da Cadi da arewacin Kamaru, sai 'yan Faransa huɗu.

A fili, tsaron bayansu kamar katanga yake, gaban ne matsala. A kakar 2011 ƙwallo goma sha ɗaya kacal suka ci a wasa goma sha huɗu, da ƙyar suka tsira a rukuninsu. Madam Suzanne, shugabar sashen wasanni ta jami'ar, ta kira Bukari ta faɗa masa gaskiya ba kwana-kwana. Fili ɗaya ne, 'yan wasan rugby, wato zari-ruga, suna nemansa. Idan ƙungiyarsa ta faɗo daga rukuninta baɗi, za a karɓe filin a rufe ta.

Akwai abin da kowa ya sani game da waɗannan ƙwallaye goma sha ɗaya. Takwas daga ciki da dabara ɗaya aka ci su. Daouda, mai gudu ta gefen dama, zai turo ƙwallo ta ƙasa. Ɗan wasan tsakiya zai taho kamar shi zai buga, masu tsaron baya su bi shi. Sai Nouhou, wani siririn ɗalibin lissafi daga Tawa, ya ƙwala kira daga baya: "Bari!" Na tsakiya ya buɗe ƙafa, ƙwallo ta wuce, Nouhou ya zuba ta a raga. Abokan hamayya ba su san me aka ce ba. Har Nicolas, Bafaranshen da ke buga tsakiyar, ya iya kalmar, ya iya "bayanka" da "juya", yana faɗin su da irin nasa harshen ana dariya.

Bukari bai taɓa ganin wannan a matsayin ilimi ba. A wurinsa wasan unguwa ne kawai da Allah ya taimaka.

Da hutun bazara ya zo, ya tafi Paris kwas na sati biyu na masu horar da 'yan wasa. Ya ga allo, ya ga zane-zane da kibiyoyi, ya ji manyan kalmomi. A ranar ƙarshe malamin kwas ɗin ya ce musu kowane koci ya fara duba abin da 'yan wasansa suka iya kafin ya ɗora musu sabo. Bukari bai ji wannan ba, lokacin yana gyara kwalar rigarsa saboda hoton da za a ɗauka.

Ya dawo Lyon da takardar shaida da littafi mai bangon fata, kansa ya kumbura. Ranar atisayen farko ya tara su a tsakiyar fili.

"Daga yau," in ji shi da Faransanci, "an daina ƙwallon ƙauye. Harshe ɗaya za a yi a filin nan. Duk wanda na ji Hausa a bakinsa zai zagaya fili sau biyar."

Nouhou ya ɗaga hannu.

"Koci, Allah shi ba ka haƙuri, 'bari' ɗin nan hwa? Da ita muke ci."

"Zagaye biyar," in ji Bukari.

Nouhou ya yi zagayensa ya dawo yana haki. Bai haƙura ba, ya sake magana, wannan karon da Faransanci. Ya ce a ƙasar nan idan ka ce wa ɗan'uwanka "laisse", wato bari, alƙalin wasa yana iya busa maka usur, don abokin hamayya ma zai ji ya ɗauka nasa ne ya faɗa, sai a ce ka yaudare shi. Hausar ce ke raba su da wannan.

"Ni za ka koya wa doka?" in ji Bukari, ya ɗaga littafinsa. "Kai ka je Paris ko ni?"

Nicolas ya ce shi kam yana son kalmar, ta fi sauri a kunne. Wannan ya ɗan girgiza Bukari, tun da Bature ne ya faɗa. Amma ya riga ya yi magana a gaban mutane, girman kai ya hana shi janyewa.

Sabon tsarin nasa ba shi da laifi a kan takarda. Sai an yi ba-ni-in-ba-ka sau shida kafin a doshi raga, kowane motsi da sunansa na Faransanci mai tsawo. A fili kuwa, kafin Daouda ya tuna sunan motsin an ƙwace ƙwallon. Wanda ya ga haɗari a bayan ɗan'uwansa sai "bayanka" ta zo masa baki, ya haɗiye, ya tsaya neman fassara. Filin da a da ake jin ihunsa har bakin titi ya koma shiru kamar ɗakin jarrabawa.

Wasa biyar suka buga, ƙwallo ɗaya suka ci. Biyu daga cikin 'yan Cadi suka daina zuwa. Wata Asabar da safe Hassia ta same shi yana zane a littafinsa, shayinsa ya huce.

"Baban Balkisa, yaran ga sun zo sun same ni. Sun ce in roƙe ka."

"Ke kuma me kika sani a balo, a harkar ƙwallo?"

"Ban san komi ba. Amma na san da suna ci, yanzu ba su ci. Ka mayar musu da bakinsu mana."

"Sai a ce na yi kuskure ke nan? Bayan istaj ɗin, kwas ɗin da na yi a Paris? Jamais, har abada."

Ta ɗauke kofin ta tafi, ba ta ƙara ta da maganar ba.

Maimakon ya sassauta, sai ya ƙara zagayen ya zama goma. Ya ce rashin sabo ne. Kuma lallai sun saba, don kafin sanyi ya wuce babu mai kuskuren yin Hausa ko da wasa. Bukari ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya rubuta a littafinsa cewa an sami ci gaba.

Wasan ƙarshe ya zo a watan Afrilu. Lissafin a fili yake: in sun ci sun tsira, in an yi kunnen doki ko an cinye su ƙungiya ta mutu. Madam Suzanne ta zo da kanta ta tsaya a bakin fili. Can nesa kaɗan 'yan rugby uku suna zaune a kan ciyawa suna kallo, ba don son ƙwallon ƙafa ba.

Aka kai minti tamanin da bakwai babu ci. Bukari yana tsaye a bakin fili, littafinsa a hannu. Sai ga Daouda ya sami ƙwallo a gefen dama. Ya manta da tsarin Paris gaba ɗaya, ya sheƙa da gudu irin na da, ya turo ta ƙasa. Nicolas ya taho, mai tsaron baya yana manne da shi. Nouhou yana baya shi kaɗai.

Bukari ya ga bakin Nouhou ya buɗe. Ya ga leɓɓansa sun haɗu za su fitar da kalmar. Ya kuma ga yadda ya saci kallonsa, kallo ɗaya, irin na wanda ya sha zagaye.

"Laisse!" in ji Nouhou da ƙarfi.

Nicolas ya buɗe ƙafa. Mai tsaron bayan ma ya ja birki, ya ɗauka golansu ne ya yi kira. Nouhou ya buga, raga ta motsa. Bukari ya yi tsalle ya jefar da littafin sama.

Kafin littafin ya faɗo usur ya yi ƙara. Alƙalin wasa ya nuna inda Nouhou ya tsaya, ya zaro katin gargaɗi. Ya ce an yaudari abokin hamayya da baki, babu ci. Minti uku bayan nan aka tashi babu wanda ya ci wani.

Bukari ya shiga fili kamar mahaukaci, yana ihu da Faransancinsa mai kyau, yana cewa zalunci ne, zai kai ƙara har Paris. Alƙalin bai ko kalle shi ba. Madam Suzanne ta riga ta juya tana magana da 'yan rugby. Daouda yana kwance ya rufe fuska da riga. Shekara tara na wahala, da zaryar ofis, da rigunan da Hassia ke wankewa duk sati, duk sun ƙare a kan kalma ɗaya da shi da kansa ya kora.

Sai ya ji an riƙe hannunsa. Nouhou ne, idanunsa jawur. Bai yi masa gori ba, bai ɗaga murya ba.

"Bari, koci," in ji shi. "Bari kawai."

Ita ce Hausar farko da aka yi a filin nan tun ƙarshen sanyi, kuma babu sauran ƙungiyar da za a sa ta zagaye. Bukari ya durƙusa a kan ciyawa ya yi kuka kamar yaro.

Alhamis ta gaba ya wuce ta wurin bayan ya tashi daga aiki. An cire ragogin, an kafa dogayen sandunan rugby. Ya daɗe a tsaye a bayan wayar shingen filin, babu wanda ya san shi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka ba shugabanci, kafin ya gyara mutanensa ya fara sanin abin da ke hannunsu. Neman ilimi a waje abu ne mai kyau, kuma Bukari bai yi laifi ba da ya je Paris. Laifinsa shi ne ya raina abin gida don kawai na gida ne, ya kuma toshe kunnensa ga na ƙasa da shi lokacin da suka faɗa masa gaskiya. Kada ka ji kunyar harshenka, kada takardar shaida ta hana ka sauraro. Idan ka ga ka yi kuskure ka janye da wuri, tun abin da kake ƙauna yana hannunka.