Jijiyoyin Baƙar Tarwada

Ku matso, ga wata da za ta raba muku kai.

Dakta Kande ta shekara ashirin a wani ɗakin bincike na ƙarshen baranda, ita kaɗai sai tankin kifi. Ba miji, ba ɗa, ko sallama ba a cika yi mata ba. Burinta ɗaya ne, ta ga yadda jijiyoyi suka tashi daga gashin bakin tarwada har ƙwaƙwalwa. Amma tarwada baƙa ce wuluk, hasken madubin bincike ba ya ratsa ta, in an yanka kuma jijiyoyin su tsinke. Ana nan idonta ya fara mutuwa, likita ya ce saura wata shida ta makance. Sai tsoffin ɗalibanta uku suka dawo.

Tanimu ɗan majema ne. Ya jiƙa 'ya'yan tarwada a ruwan magani mai cinye baƙi da kitse. Wasu kan bar su har jijiyar ta lalace, shi kuwa da yatsa yake gane lokacin tsamewa, yadda ubansa ke taɓa fata. Kifi ya fito garau kamar ƙanƙara.

To, kifi ya yi fari, jijiya ma fara, me za a gani? Barira, jikar marina, ta haɗa rinin da jijiya kaɗai ke kamawa. Sau tara yana ƙi, ta ƙi haƙura. A na goma jijiyoyi suka haska kore shar a madubi.

Aka riƙo hannun Dakta. Ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago.

"'Ya'yana, duhu nake gani."

Wata huɗu kacal aka yi cikin shidan, ido ya riga ya tafi. Ranar har Tanimu sai da ya yi hawaye.

Sallau, wanda kowa ke wa dariya don ɗinkin hula ya fi karatu shiga kansa, ya ɗauki hoton jijiyoyin. Ya kwana goma sha biyu yana bin kowace jijiya da zare mai kauri a kan farin ƙyalle. Ya shimfiɗa mata a cinya. Ta bi da yatsa, reshe bayan reshe, har ta tsaya.

"Ashe nan ta rabu biyu," in ji ta. "Shekara ashirin ina zaton uku ne."

Yanzu za ta koma ƙauye, ɗakin binciken kuwa mutum ɗaya hukuma ta ce ta bar wa. To, ku faɗa mini, wa za ta miƙa wa makullin: wanda ya kore baƙin, ko wadda ta haska jijiyar, ko wanda ya sa makauniya ta gani?