Mutumin da Ya Ƙara Ɗauri a Kan Kumbonsa

Akwai wani mutum, maƙerin kumbo, wanda ya yi shekara ashirin yana neman yadda kumbo zai yi tafiya a sararin sama ba da mai ba. Shi da abokan aikinsa suka ɗauki sinadarin nan da ke cikin gawayi, suka sarrafa shi ya zama zare, suka saƙa wani mayafi mai faɗin gona, wanda bai kai ɓawon albasa kauri ba. In aka shimfiɗa shi a can sama, hasken rana ne zai riƙa tura shi. Turin kuwa ɗan kaɗan ne, bai fi nauyin ƙwayar gyaɗa a tafin hannu ba, amma ba ya tsayawa, don haka kullum gudun kumbon ƙaruwa zai yi.

Aka naɗe mayafin a cikin ɗan akwati, aka ɗaure da zare guda. Kusa da zaren akwai wata waya, wadda in an aika mata umarni daga ƙasa za ta yi zafi ta ƙone shi, mayafin ya buɗe.

To, mutumin nan ya taɓa ganin wani mayafinsu ya kwance tun lokaci bai yi ba, ya kekkece a wurin gwaji. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abokiyar aikinsa, Malama Liyatu, ta faɗa masa sau uku cewa ɗauri ɗaya ya isa, an gwada an gani. Ya ce ya ji. Amma da safen ranar da za a rufe akwatin, ya faki ido ya ƙara ɗauri na biyu. Kuma don tsabar son ƙarko, ya yi shi da zarensa na gawayi, wanda zafin wayar ba ya ci. Shi a ganinsa ya fi kowa hankali.

Roka ta kai kumbon sama lafiya. Aka aika umarni, waya ta yi zafi, zare na fari ya tsinke. Na biyun ya riƙe.

Wata bakwai kumbon yana kewaya duniya da mayafinsa a naɗe, yana saukowa kaɗan-kaɗan. Kowace safiya mutumin yakan zauna ya sāke aika umarnin, ko da ya san babu abin da zai faru. Abokan aiki suna ta neman inda kuskure yake, shi kuwa ya yi gum. Ya rame, abinci ya daina shiga. Garin neman gira ya rasa ido, kuma babu hannun da zai kai can ya kwance ƙullin.

Ran nan da tsakar rana aka ce kumbon ya faɗo cikin iska ya ƙone. Ya koma gida ya tarar da matarsa tana shanya, ya faɗa mata duk abin da ya ɓoye wa mutane. Ita ba ta san aikin kumbo ba. Sai ta ce, "Baban Keziya, wato rana ce ta kāsa tura kumbon?"

Ya ce, "A'a, Uwargida. Wata bakwai tana haska shi. Ni ne na hana shi buɗewa."

Ya zauna a ƙasa ya yi kuka mai zafi. Bai ƙara saƙa wani mayafi ba, gama ƙarfinsa ya riga ya ƙare.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Hasken shi ne alherin Ubangiji. Ba ya zuwa da tsawa, a hankali yake turawa, kuma ba ya gajiya. Mayafin zuciyar mutum ce, wadda aka yi ta domin ta buɗe. Ɗauri na biyu kuwa shi ne wanda muke ƙarawa da hannunmu bayan an taɓa cutar mu. Wani ya yi rantsuwa ba zai sāke yarda da kowa ba. Wata ta ce gafara ta ƙare tsakaninta da 'yar'uwarta. Muna kiran wannan hankali, muna kuma ɗaure shi da abin da ya fi ƙarfi a cikinmu.

Abin yana ba ni baƙin ciki ƙwarai, gama na san waɗanda suka shekara talatin a kan bencin nan, wa'azi yana sauka a kansu kowace Lahadi, ba su motsa ko taku ɗaya ba. Na binne waɗansunsu a haka, a naɗe. Mutumin nan hannunsa bai kai ga ƙullinsa ba. Kai naka yana cikin ƙirjinka, yau hannunka yana kaiwa. Ban san gobe ba.