Kurege da 'Ya'yan Aro

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake!

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

Kurege ne dai. A bayan gari yake zaune, cikin wani rami a gindin tsamiya, shi kaɗai. Ba mata, ba ɗa, ba mai ce masa ina kwana. Da can yana da maƙwabta, amma ya ci gyaɗar wannan, ya ci geron wancan, ya ari tukunyar waccan ya sayar, har kowa ya kwashe komatsansa ya bar masa unguwar. In ya dafa, shi kaɗai. In ta ƙone, shi kaɗai. In ya yi atishawa, shi ke yi wa kansa addu'a.

Ana nan, ana nan, sai Giwa, attajirar garin, ta gina filin wasan yara. Aka sa dawakin katako masu zagaye, aka sa ɗan jirgin ƙasa mai kuka kamar na gaske, aka kafa wani ƙaton lilo mai kama da ƙafar keke, wanda yake ɗaukar mutum ya kai shi sama ya dawo da shi. Mai shela ya zaga gari yana cewa washegarin sallah za a buɗe, kuma duk yaron da ya zo za a ba shi tsire da gurasa da alawar madara da zoɓo, kyauta.

Kurege ya ji tsire, ya ji gurasa, yawunsa ya tsinke. Ranar da sassafe ya isa ƙofa. Bunsuru ne mai gadi.

Bunsuru ya ce, "Malam, ina yaranka?"

Kurege ya ce, "Ai ni ne yaron. Dubi tsawona."

Bunsuru ya ce, "Yaro da furfura a gashin baki? Babba ba ya shiga sai da yara. Matsa, ka tare wa mutane hanya."

Kurege ya matsa gefe, ya tsaya yana kallo. Tunkiya ta wuce da nata. Zakara ya wuce da nasa, kowa da sabon kaya, wannan yana jan hannun wannan. Ba wanda ya dube shi. Ya daɗe a tsaye, sannan ya kaɗa wutsiya ya nufi bakin rafi.

A bakin rafi akwai Agwagwa mai wankau. Mijinta ya tafi cirani, kayan sallar mutane sun taru mata, 'ya'yanta uku kuma, Jatau da Ladingo da Auta, sun zagaye ta suna kuka sai an kai su wasa.

Kurege ya ce, "Sannu da aiki, Maman Jatau. Kukan yaran nan ne ya hana ni wucewa. Kawo su in kai miki."

Agwagwa ta dube shi sama da ƙasa. Ta san halinsa. Ta dubi tulin wanki, ta dubi yara. Ta ce, "Malam Kurege, uku na ba ka, uku za ka dawo min da su. Kafin la'asar."

Ya ce, "Haba, sai ka ce ba ni ba!"

Ta ce, "Ai don kai ɗin ne na faɗa."

Suka kama hanya, shi a gaba, su a jere a bayansa, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ya ce musu, "Daga nan har mu dawo, sunana Baba. Wa ye ni?"

Suka ce, "Baba!"

Kurege ya ji wani abu ya taɓa shi a ƙirji. Ya ce yunwa ce.

A ƙofa Bunsuru ya ce, "Waɗannan naka ne? Ina wutsiyarsu?"

Kurege ya ce, "Dangin uwa suka ɗebo."

Aka bar su suka shiga. Suka je rumfar tsire, aka ba kowane yaro ƙunshinsa. Kurege ya ce, "Tsire da yaji, yara ba haƙori? Ku kawo Baba ya ajiye muku." Ya ajiye a cikinsa. Suka je rumfar gurasa. "Gurasa tana shaƙe yaro. Ku kawo Baba ya ajiye muku." Ya ajiye a cikinsa. Alawa tana kawo tsutsar ciki, zoɓo yana sa fitsarin kwance. Baba ya ajiye, Baba ya ajiye. Da suka gama zagaye sai ya shafa wa yaran toka a ka, ya sake bin rumfunan da su a matsayin wasu yaran daban. Cikinsa ya yi tulele kamar tulu.

Ladingo ta ce, "Baba, yunwa muke ji."

Ya ce, "Maganin yunwa lilo. Ku zo."

Suka shiga kwandon babban lilo. Ya ɗaga, ya ɗaga, yara suna ihun murna, gari yana ƙanƙancewa a ƙasa. Suna kaiwa can ƙololuwa, sai ɗif, wuta ta ɗauke. Lilo ya tsaya. Kwando yana reto, iska tana kaɗawa, tsire da zoɓo suka fara dambe a cikin Kurege. Ya leƙa ƙasa, ya ga Bunsuru ya koma kamar ƙuda. Ya runtse ido.

Sai inuwa ta rufe su. Shirwa ce ta sauka a bakin kwandon, tana gyara farce.

Ta ce, "Kurege, yaushe ka fara haihuwar masu faffaɗan baki? Na san ba naka ba ne. Ba ni ɗaya, in ɗauke ka in sauke ka ƙasa lafiya. Uwarsu ka ce mata ya faɗo."

To, ku da kuka san Kurege, kun san ba a taɓa yi masa tayi ya ƙi ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi Shirwa, har ya buɗe baki. Sai ya ji an ƙanƙame masa wutsiya. Auta ne, ya cusa kansa cikin gashin, yana cewa a hankali, "Baba. Baba." Nan ba ƙofa ba ce, ba Bunsuru, ba wanda za a yaudara. Yaron da gaske yake kira.

Kurege ya ja wutsiyarsa ya lulluɓe su duka ukun. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ɗaya kawai? Kwashe su gaba ɗaya, ki raba ni da masifa. Da can su huɗu ne. Na cinye babbansu da safe, ban san murar tsuntsaye ta shiga gidansu ba. Dubi cikina."

Shirwa ta dubi cikin. Ga shi nan kuwa a kumbure, yana ƙugi.

Kurege ya ce, "Ni da ba tsuntsu ba ke nan. Wayyo cikina! Matso ki ɗauka, ranki ya daɗe, matso kusa." Bai rufe baki ba, kwando ya yi reto, sai ga amai, tsire da gurasa da zoɓo ja wur kamar jini, har kan ƙafar Shirwa.

Shirwa ta yi tsalle ta tashi, tana ihu a kan filin, "Annoba! Annoba a kan lilo! Kurege ya ci ɗan Agwagwa, yana aman jini!"

Kafin ka ce kwabo fili ya yamutse. Kaza ta kwashi nata, Zabuwa ta kwashi nata, masu rumfa suka bar wuta a ƙarƙashin tsire suka ranta a na kare. Can aka kawo wuta, lilo ya sauko. Bunsuru na jira da gora, ya cafki wuyan Kurege.

"Kai ne mai cin 'ya'yan mutane?"

Kurege ya yi masa tari a fuska, ya ce, "Yi hankali, Malam, an ce ta fi kama masu gemu."

Bunsuru ya yar da gora, ya bi sahun jama'a.

Sai ga Agwagwa a guje, kumfar sabulu har gwiwa, labari ya kai mata rafi. Ta faɗa kan 'ya'yanta tana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Jatau ya ce, "Inna, ya cinye mana abinci duka." Ladingo ta ce, "Amma ya rufe mu da wutsiya, Shirwa ba ta taɓa mu ba." Auta ya ce, "Inna, ashe muna da wani yaya, Baba ya cinye shi?"

Agwagwa ta ce, "Ba ku da wani yaya, kuma wannan ba babanku ba ne." Ta juya ta dubi Kurege. Sannan ta ce, "Na gode da wutsiya. Amma ka ja mana, yanzu ba mai kawo min wanki sai an manta da zancen annoba. Kada ka ƙara biyowa ta rafi."

Kurege ya ce, "Ko ran sallah babba?"

Ta ce, "Ko ran sallah babba."

Ta sa su a gaba suka tafi. Auta yana tafe yana waiwaye, har suka sha kwana.

Fili ya rage daga Kurege sai Kurege. Ga tsire yana ƙamshi ba mai tsaro, ga gurasa tuli, ga alawa faranti-faranti. Abin da ya kwana yana mafarki, ga shi duka nasa. Ya ɗauki tsinke ɗaya, ya kai baki, ya fasa, ya mayar. Dawakin katako suna ta zagaye, kiɗa yana tashi, ba kowa a kansu. Ya hau ɗaya. Doki ya yi sama, ya yi ƙasa, Kurege ya waiwaya ya ce, "Ku riƙe da kyau!" Sai ya ga dawakin baya, kowanne da sirdinsa wayam. Ya gyara zama, ya yi ta zagaye shi kaɗai har rana ta yi sanyi.

Ƙurunƙus kan ɗan tsinken tsire! Wanda duk zai ari 'ya'yan mutane, ya ci ya ƙoshi tun daga gida, kuma kada ya yarda su ce masa Baba, don ciwon ciki yana warkewa da jar kanwa, ciwon kewar masu ce maka Baba kuwa har yau Kurege bai samo maganinsa ba.