Lambar Garejin Manzo a Wayar Iya Lantana

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye na gefen Falanko, sunanta Lantana. Ɗanta Nafi'u, da zai tafi haƙar zinariya can arewa, ya saya mata 'yar ƙaramar waya da sabon layi. Ya ce, "Inna, inda za ni sai an hau dutse ake samun rezo, wato sabis ɗin waya. Ke ba za ki same ni ba, ni zan riƙa nemanki. Kada ki bari ta mutu."

Garin babu lantarki, sai Falalu mai cajin sola, shi ma ranar kasuwa kawai yake zuwa. Lantana ta riƙa lallaɓa batirin nan kamar ragowar mai a kwalba, ko fitilar wayar ba ta kunnawa.

Sai kira ya fara shigowa. Ta tashi a guje ta bar tuwo a wuta, ta ɗauka da "Nafi'u!", sai ta ji ƙaton murya: "Garejin Manzo ne? Tayarmu ta fashe a hanyar Agadas!" Wani ya ce injinsa na hayaƙi. Wani ma zaginta ya yi, wai ta ba maigidanta waya. Kafin kasuwa ta zagayo batir ya mutu murus.

Da Falalu ya jona wayar, ya duba ya ce, "Iya, wata baƙuwar lamba ta neme ki har ta gaji, wayar na kashe. Irin lambobin can arewa ce."

Lantana ta ji kamar an watsa mata barkono. Da ta ba shi labarin masu neman gareji, Falalu ya buɗe taswirar da ke cikin babbar wayarsa, wadda direbobi ke neman wurare da ita, ya nuna mata garejin Manzo na Tanout, ga lambarta ɓaro-ɓaro a ƙasa. Ashe tsohon layin Manzo ne da ya yar, aka sake sayarwa. "Mai wurin ne zai gyara," in ji Falalu, "kuma aikin bai kai shan shayi daɗewa ba."

Ta hau motar kasuwa har Tanout. Ta tarar da Manzo a kan kujera, tumbi a gaba, yana sakace. Ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ko miƙewa bai yi ba. "Iya, ni na sa ki sayen layin? Ki yar, ki sayi wani."

"Ɗan nan, wannan lambar kaɗai ɗana ya sani. In na yar ta ina zai same ni?"

"To ni ba ni da lokacin taswira. Duk Damargu wa bai san Manzo ba? Mai sona ya tako da ƙafarsa!" Ya yi dariya, masu zaman garejin suka taya shi.

Lantana ta koma gida ranta na tafasa. Tana iya aika direbobin nan daji su ɓace, amma ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Saƙon Manzo kawai ta riƙa isarwa, kalma da kalma. Duk wanda ya kira sai ta ce, "Manzo ya ce ba shi da lokacinku. Mai sonsa ya tako da ƙafarsa." Ta kashe.

To, ku da kanku kun san direban da motarsa ta mutu a tsakiyar rairayi, rana na dukan ƙeyarsa, ba ya son a yi masa zancen ƙafa. Magana ta bi tasha tasha daga Damagaram har Agadas. Wasu suka shiga taswirar suka rubuta a ƙarƙashin sunan garejin abin da ba zan maimaita a wannan shafi ba. Motoci suka koma tsayawa wajen Almustafa, mai gareji a tsallaken titi. An ce har wata kaza ta yi ƙwai a ramin duba mota na Manzo, ta ƙyanƙyashe, ba wanda ya tashe ta.

Nan fa Manzo ya sami lokaci. Ya zauna zai canza lamba, taswira ta ce sai ta tabbatar shi ne mai wurin, kuma lambobin tabbatarwa tsohon layin da ke hannun Lantana za ta aika wa.

Haka ya ɗauki tumbinsa a babur har ƙauyen, ya iske Lantana tana sussuka. Ya durƙusa. "Iya, barka da aiki. Ni ne ɗanki Manzo."

"Ɗana yana arewa, ban san ko yana da rai ba, saboda kai. Me ya kawo ka?"

Yana cikin kame-kame wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta saurara, ta miƙa masa. "Amsa, baƙonka ne." Direban da ke kan layi ya wanke Manzo tas, har matan da ke sussuka suka ajiye taɓare suna ji. Zufa ta jiƙa masa riga.

"Iya, ki yi wa Allah."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Tana da ikon korarsa, amma korarsa ba za ta raba ta da direbobi ba. Ta ce, "A gabana za ka gyara, ba ka motsa daga nan." Saƙo ya shigo, ya kwafe lambobin, ya cire lambarta ya sa tasa. Ko ruwa ba ta ba shi ba.

Wayar ta yi tsit, batir ya riƙa kaiwa kasuwa har da saura. Wata safiya tana shara ta yi ƙara. Ta ɗauka da faɗa a baki, "Ba gareji ba ne!"

Can nesa, cikin iska, wata murya ta ce, "Inna? Ni ne fa."

Tsintsiya ta faɗi daga hannunta.

Darasi: Gyaran da kake ganin bai kai ka ɗaga yatsa ba, wani yana can yana kuka a kansa, kuma wanda ka wulaƙanta yau gobe za ka iya durƙusa a ƙofarsa. Masu sana'a, ku duba lambar da ke ƙarƙashin sunanku a taswira. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tumbi da kujera.