Hemming Mai Sauraron Ƙanƙara da Asalin Gidan Isvakt

A zamanin da mutanen Suwidin suka fara ƙetare teku suna kafa ƙauyuka a gaɓar Finlan, an yi wani maharbi da ake kira Hemming. Shi da matarsa Ragnhild suna zaune a wani tsibiri mai duwatsu, inda teku kan daskare wata biyar a shekara har mutane su bi ta kansa da dawakai. An ce idan Hemming ya doki ƙanƙara da gindin mashinsa, ya kara kunne, yakan ji kaurinta da kwanakin da suka rage mata. Kirarinsa shi ne: Hemming na Ragnhild, kunne a ƙasa, ƙafa ba ta nutsewa.

Wata shekara, sanyi na gab da ƙarewa, Sigvid jakadan sarkin Suwidin ya iso tsibirin da mutum arba'in. Hatsin iri suka ɗauko za su kai wa ƙauyukan gaɓa, waɗanda yunwa ta sa suka cinye nasu.

Hemming ya doki ƙanƙarar, ya saurara, ya ce, “Ranka ya daɗe, hanyar nan ta mutu. Kafin rana ta take za ta buɗe.”

Sigvid ya ce, “In ban kai irin nan ba, bana babu mai shuka.”

Hemming ya dubi matarsa. Ragnhild ta miƙo masa igiya, ta ce, “Kai su ta arewa. Da nisa, amma ka san ta.”

Ya sa aka kwance dawakai aka bar su a tsibirin, kowa ya ɗaura igiya a ƙugu ya saɓa buhu. Yana gaba, taku goma sai ya doka ya saurara. Suna tsakiyar tafiya suka ji ƙara kamar tsawa. Hanyar da Sigvid ya so bi ta dare, baƙin ruwa ya taso. Da yamma suka taka ƙasa, ba a rasa mutum ko buhu ba.

Da labari ya kai fada, sarki ya ɗaga Hemming zuwa sahun manyan gidaje, ya ba shi tambari mai mashi bisa farin fili da sunan Isvakt, wato mai gadin ƙanƙara. Aka yi masa tayin gida a birni, ya ce tsibirinsa ya ishe shi.

Daga zuriyarsa an samu alƙalai da jagororin jiragen ruwa, kuma har yau yaren Suwidin suke yi a cikin Finlan. Duk ƙarshen sanyi babban gidan, namiji ko mace, yakan sauka bakin teku da tsohon mashin, ya doka, ya kara kunne. Ranar da ya ce hanya ta rufe, babu mai sake taka ƙanƙara sai baɗi.